Zillow, Redfin, Compass ko dillalin da ka zaɓa da kanka: wa za ka fara ba lambar wayarka?

Wani ƙanena da ya shekara tara yana biyan haya a Amurka ya kira ni wani dare yana dariyar takaici. Ya ce, "Yaya, wallahi kallo kawai nake yi." Yana kwance ne bayan isha'i yana zaga hotunan gidaje a wani shafin intanet, ya ga wani mai ɗaki uku da ɗan fili a baya inda yara za su yi guje-guje. Sai ya danna wurin da aka ce za a haɗa shi da dillali, ya rubuta suna da lambar waya. Kafin ya je kicin ya dawo, waya ta yi ƙara. Matar da ta kira ba ta taɓa taka gidan ba, kuma ba ita mai gidan ya ɗora wa sayarwa ba. Tambaya uku ta yi masa: yaushe kake son tarewa, nawa za ka iya, ka riga ka yi magana da banki? Duk ya amsa mata tsakani da Allah, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Ba zan kama sunan shafin ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne amsoshin nan uku suna da farashi, kuma akwai wanda ya biya kuɗi domin ya ji su.

Mu da muka tashi muna ganin dillalai a Kano ko Maraɗi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Jarin dillali tun asali ba gida ba ne, ba fili ba ne, sani ne. Shi ya san magadan da suka matsu a raba gado, shi ya san alhajin da kayansa suka fita lafiya yana neman inda zai adana kuɗi a ƙasa. Shi ya sa ba ya yarda mai saye da mai sayarwa su haɗu a bayan idonsa, kada a yi masa ƙafar ungulu a la'ada. To amma sanin dillalinmu a kansa yake, ranar da ya kwanta dama ya tafi da abinsa. Na kamfanonin Amurka a kwamfuta yake. Ana auna shi, ana sa masa farashi, ana ba da hayarsa, kuma idan aka sayi kamfani da shi ake saye.

Me suke tarawa? Unguwannin da kake dubawa, iyakar farashin da kake sawa, gidan da ka koma wa sau huɗu a mako guda, albashin da ka rubuta a wurin lissafin biyan wata-wata, adireshin da kake zaune yanzu, da watan da hayarka za ta ƙare. Masu harkar suna kiran mutumin da ya bar lambarsa da sunan "lid". Lid mai takardar amincewar banki a hannu, wanda hayarsa ta kusa ƙarewa, ya fi mai kallon ƙuruciya tsada nesa ba kusa ba. Kuma kuɗin ba a la'ada kaɗai yake ba. Bayan la'ada akwai bashin sayen gidan, akwai inshora, akwai aikin tantance takardun mallaka, sannan bayan wasu shekaru idan ka tashi sayarwa suna so su zama su ne suka fara sani.

Saboda haka zaɓin da ke gaban mai neman gida ba wai wane shafi ya fi hotuna masu kyau ba ne. Kusan duk daga rumbu ɗaya suke ɗiba, wato MLS, rumbun da dillalan kowane yanki ke zuba gidajen da ke kasuwa. Zaɓin shi ne ta wace ƙofa sunanka zai fara shiga, domin mai wannan ƙofar shi ke da kaso a cinikinka.

Zillow: kasuwar da ake sayar da masu saye

Na fara da shi domin nan kowa ke farawa. A 2006 Rich Barton da Lloyd Frink suka buɗe shi a Seattle, kuma abin da ya ja mutane shi ne Zestimate, ƙiyasin darajar gida da kwamfuta ke yi. Kowa na son ya leƙa ya ga nawa gidan maƙwabcinsa ya kai. Taron da wannan leƙen ya tara shi ne dukiyar kamfanin, a 2015 kuma ya haɗiye babban kishiyarsa Trulia.

Yadda yake juya taron ya zama kuɗi iri biyu ne. Na farko shi ne tsarin Premier Agent: dillali ya biya kuɗin wata-wata a kan lambar gidan waya ta wata unguwa, sai a riƙa tura masa wani kaso na masu tambaya a can. Na biyu shi ne wanda aka sani da Flex: dillali ba ya biyan ko sisi a farko, amma idan ciniki ya faɗa, Zillow na yankar nasa daga la'adar, yankan da kan kai kashi 40 cikin 100. Mu yi lissafi a buɗe. A ce gida na dala 400,000 ne, la'adar dillalinka kashi 2.5, wato dala 10,000. Dala 4,000 ta tafi wurin wanda ya ba da lambarka. Ragowar 6,000 ma sai dillalin ya raba da kamfanin da yake ƙarƙashinsa, ya cire man mota da haraji.

Wani zai ce, ina ruwana, ai daga aljihunsa ne. Da ruwanka. Mutumin da aka riga aka yanke wa kusan rabin la'ada ba shi da wurin da zai rage maka idan ka nemi ragi. Kuma tsarin yana auna dillalai ne da yawan lid ɗin da suka mayar ciniki, wanda ya fi rufe ciniki shi ake ƙara turo wa mutane. Ka ga ke nan agogon da yake kallo daban, naka daban. Kai kana iya jiran wata takwas har gidan da ya kwanta maka ya fito, shi kuwa kowane wata da ka ƙara yana rage masa maki. Ban ce duk dillalin da ke wannan tsarin macuci ne ba, akwai ƙwararru masu amana a cikinsu. Cewa na yi ba kai ka zaɓe shi ba, kuma ba domin ya san unguwar fiye da kowa aka haɗa ku ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da Zillow shi ne irin kamfanonin da yake saye. A 2015 ya sayi dotloop, manhajar da ake sa hannu a takardun ciniki. A 2018 ya sayi wani kamfanin ba da bashin gida, wanda ya koma Zillow Home Loans. A 2021 ya biya dala miliyan 500 ya sayi ShowingTime, manhajar da dillalai ke tsara lokacin zuwa duba gida da ita. A 2023 ya sayi Follow Up Boss, kundin da dillalai da yawa ke ajiye sunayen kwastomominsu da tarihin hirarsu. Jera su ka gani: kallo, zuwa dubawa, hira da dillali, bashi, sa hannu. Hanyar mai saye ce tun daga ƙofar gari har cikin ɗaki. Shi kansa kamfanin ya taɓa gwada sayen gidaje da kuɗinsa yana sayarwa, bisa dogaro da ƙiyasin kwamfutarsa, ya tafka asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli, ya rufe sashen a Nuwamban 2021 tare da sallamar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Ya ɗanɗana ya ji cewa riƙe gida akwai haɗari, riƙe sunan mai neman gida kuwa babu rufin da zai yi yoyo.

Realtor.com, wanda News Corp ya mallaka tun 2014, shi ma kusan wannan sana'ar yake yi, musamman bayan ya sayi Opcity a 2018, kamfanin da aikinsa shi ne kiran mai tambaya cikin gaggawa, a tace shi, a miƙa wa dillali a kan kaso. Homes.com na kamfanin CoStar ya bi wata hanya: tambayarka na zuwa ne kai tsaye wurin dillalin da ke sayar da gidan. Wannan ya fi fitowa fili, amma a kula, wancan dillalin na mai gida ne. Idan ka faɗa masa ƙarshen abin da za ka iya biya, kamar ka je kara ne ka buɗe wa mai sa lalitarka kafin ka taya.

Redfin: gida ɗaya, tukunya ɗaya

Redfin ma ɗan Seattle ne, tun 2004, amma shi kamfanin dillanci ne da kansa, kuma manyan dillalansa ma'aikatansa ne. Idan ka nemi a nuna maka gida, galibi ma'aikacinsu ne zai zo, sai a wuraren da hannunsu bai kai ba ko aiki ya yi musu yawa, nan sukan miƙa ka ga dillalan haɗin gwiwa su karɓi kaso. Amfanin wannan a bayyane yake. Ka san wanda ke riƙe da bayananka, ka san inda za ka kai ƙorafi, kuma tsara zuwa duba gida yana da sauƙi ƙwarai. Aibinsa shi ne kai kwastoman kamfani ne, ba na mutum ba. Wanda ya buɗe maka ƙofa ranar Asabar ba lallai ne shi zai rubuta tayinka ranar Litinin ba, kuma idan dillalin da kuka saba ya bar aiki, tarihinka yana nan a kundin kamfanin.

A Maris na 2025 kamfanin Rocket na Detroit, ɗaya daga cikin manyan masu ba da bashin gida a Amurka, ya sanar da sayen Redfin a kan dala biliyan 1.75 ta hannun jari, aka kammala a watan Yuli. Redfin ya daɗe yana fama da asara. To me mai ba da bashi ya gani a jikinsa? Miliyoyin mutanen da ke shiga shafin kowane wata suna nuna, da yatsunsu, cewa sun kusa neman bashi. A shekarar dai Rocket ya sayi Mr. Cooper, babban kamfanin karɓar biyan bashin gida na wata-wata. Yanzu wanda ya bi wannan hanyar yana iya samun rangwame idan ya haɗa dillalin Redfin da bashin Rocket, kuma rangwamen na gaske ne. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Ragin da aka yi maka a shekarar farko sai ka auna shi da abin da wani bankin zai ba ka na tsawon shekara talatin.

A nan akwai abin da ya shafi yawancinmu kai tsaye. Wanda ba ya son bashi mai kuɗin ruwa, yana nufin bin kamfanoni irin su Guidance Residential, da ke aiki tun 2002 bisa tsarin mallakar haɗin gwiwa da ke raguwa a hankali, ko UIF, ko Devon Bank na Chicago, to wannan rangwamen ba nasa ba ne sam. Zai ba da bayanansa cif, amma babban abin da ake ba mutane a madadin bayanan ba zai amfane shi ba. Ga kuma kiran tallan bashin da ba zai taɓa karɓa ba. Irin wannan mutumin ya fi buƙatar dillalin da ya taɓa rufe ciniki da waɗancan kamfanonin, ya san takardunsu da tsawon lokacin da suke ɗauka.

Compass: gidajen bayan labule

Compass, wanda Robert Reffkin da Ori Allon suka kafa a New York a 2012, dabararsa daban ce. Dillalansa masu zaman kansu ne, kamfanin ya ba su suna da kayan aiki. A 2019 ya sayi manhajar Contactually ya gina nasa kundin kwastomomi, har da wani sashe da ke duba mutanen da dillali ya sani ya nuna masa waɗanda ake ganin sun kusa sayar da gida. Amma babban ƙugiyarsa ita ce gidajen da yake fara tallatawa a cikin gida kafin su shiga MLS. Idan kana son ganinsu, sai ka zo wurin dillalin Compass, ka faɗi ko kai wane ne da abin da kake nema. Zillow na jan mutane da yawan gidaje, Compass na jan su da gidan da ba za su gani a wani wuri ba.

Wannan ne ya haddasa rigima. Tun 2020 ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa, NAR, ke da ƙa'idar cewa gidan da aka tallata wa jama'a dole ya shiga MLS cikin ranar aiki ɗaya. A Afrilun 2025 Zillow ya ce gidan da aka tallata a fili amma aka ƙi sa shi a MLS ba zai hau shafinsa ba, a watan Yuni Compass ya maka shi a kotu. Kowanne na rantsuwa don jama'a yake yi. Ni dai abin da na gani faɗa ne a kan wa mai saye zai fara ƙwanƙwasa wa ƙofa. A Satumban shekarar kuma Compass ya sanar da yarjejeniyar sayen Anywhere, uwar Coldwell Banker da Century 21 da Sotheby's International Realty, aka kammala a Janairun 2026, wato labulen ya ƙara faɗi.

Ga mai saye, ribar ita ce a unguwar da gida ke wuyar samu kana iya riga wasu gani. Hasarar kuwa biyu ce. Gidan da bai shiga MLS ba, ba ka ganin kwana nawa ya yi a kasuwa ko sau nawa aka rage farashinsa, alhali da waɗannan ake taya kaya. Sannan dillalinka da na mai gida duk 'yan kamfani ɗaya ne, la'adar ɓangare biyu a tukunya guda take faɗawa. Wasu jihohi, kamar Fulorida da Kolorado, sun hana dillali ya zama cikakken wakilin mai saye da mai sayarwa a ciniki ɗaya, wasu sun yarda idan an sanar da kai a rubuce. Ka tambayi dokar jiharka kafin ka saki baki. Ga mai neman gidan farko da matsakaicin ƙarfi, ban ga wannan hanyar ta fi sauran ba.

Sai dillalin da ka samo da kanka, ta bakin wani ɗan uwa a masallaci ko abokin aiki da ya saya ta hannunsa. Wannan ita ce hanyar da na fi karkata gare ta, amma ba don tsarkakakkiya ce ba. Shi ma yana da kundi, kuma akwai yiwuwar Follow Up Boss ko ShowingTime yake amfani da su. Shi ma yana da "mutuminsa" a banki da a inshora. Kuma ɗan gari kan ci amanar ɗan gari ta hanyar kunya: ka kasa neman ragi, ka kasa sallamarsa, saboda za ku haɗu a sallar Juma'a. Ga wata matsalar da babu ita a kamfani, wato sirrin albashinka ya zaga gidajen suna. Fifikonsa ɗaya ne, amma babba: babu wanda ya riga ya ci kaso a kanka, don haka akwai wurin ciniki a la'adarsa, kuma abincinsa ya dogara ne da sunan da zai bari a bakin jama'a, ba da makin da kwamfuta ta ba shi ba.

Ko wace ƙofa ka bi, takarda ɗaya na jiranka. Bayan wata shari'a a jihar Misuri a 2023, NAR ta amince ta biya dala miliyan 418 ta kuma sauya ƙa'idoji. Tun daga 17 ga Agustan 2024, dillalin da ke aiki da MLS ba zai zaga da kai duba gida ba sai kun sa hannu a yarjejeniyar da ta faɗi adadin la'adarsa ƙarara. Wannan takardar ita ce ke mayar da lid ya zama dukiyar da aka ɗaure. Duba wa'adinta, duba ko ta hana ka aiki da wani dillalin, duba ko akwai sharaɗin da ke bin ka bayan ta ƙare a kan gidajen da ya nuna maka. Duk ana cinikinsu. A yi wa Zillow adalci a nan, ya fito da gajeriyar takardar zagaye ta kwana bakwai wadda ba ta ɗaure mutum da dillali ɗaya. Gidan da aka buɗe wa kowa ranar hutu kuwa ba ya buƙatar yarjejeniya, sai dai rajistar nan da ke bakin ƙofa ita ma tarkon lid ce.

Dokokin da ke kare ka suna da ramuka. Dokar RESPA ta 1974 ta haramta wa banki ko kamfanin tantance takardu ya ba dillali cin hanci don ya turo masa mutane, amma ta bar dillalai masu lasisi su biya juna kason turawa, kuma ta wannan ƙofar kashi 40 ɗin nan ke wucewa. Idan kamfanin dillancin yana da hannun jari a bankin da ya tura ka, dole ya ba ka takardar sanarwa, kuma ba dole ne ka bi ba. Rajistar hana kiran talla ta ƙasa ba ta aiki a kan wanda ka ba izini, izinin kuwa yana cikin ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin madannin da ƙanena ya danna. Mazauna Kalifoniya tun 2020 suna da ikon neman a nuna musu abin da aka tara a kansu, a goge, ko a daina sayarwa, wasu jihohin ma sun bi sahu. Akwai kuma wata ɓaraka da ba ta dillalai ba: a da, da zarar banki ya duba kiredit ɗinka, wato tarihin biyan bashinka, don bashin gida, kamfanonin da ke ajiye wannan tarihin, Equifax da Experian da TransUnion, kan sayar wa wasu masu ba da bashi labarin. A Satumban 2025 aka sa hannu a dokar da ta taƙaita wannan, aka tsara ta fara aiki a Maris na 2026.

Idan ni ne, ga yadda zan raba. Wanda ya san unguwar da yake so, kiredit ɗinsa lafiya, bashin banki na yau da kullum zai ci, kuma ba ya son doguwar hulɗa, Redfin zai yi masa, muddin ya karɓo farashin bashi daga wurare biyu ko uku ya kwatanta. Mai neman gida na musamman a unguwar da ake rububi, ya leƙa Compass da gajeriyar yarjejeniya. Zillow da 'yan uwansa wurin kallo ne, kuma a kallo babu kamarsu, amma kalla ba tare da ka bar lamba ba. Sabon shiga, da mai bin tsarin Musulunci, da wanda Turancin takardu ke ba shi wuya, su nemi mutum ta bakin mutane.

Haka ƙanena ya yi daga baya. Ya buɗe sabon imel da lambar waya ta biyu don harkar gida kaɗai. Ya fara zuwa wurin masu ba da kuɗin ya karɓi takardar amincewa, sannan ya zauna da dillalai uku ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa kowanne tambayoyi iri ɗaya: akwai wanda zai karɓi kaso daga la'adarka a kaina? A wace manhaja za ka ajiye bayanaina, kuma wa ke gani? Kamfaninku na da hannu a bankin da za ka tura ni? Ɗaya ya tsaya kame-kame. Ɗaya ta amsa duka ba ɓoye-ɓoye, ta kuma yarda da yarjejeniyar kwana talatin a kan unguwanni biyu kacal. Da ita ya saya. Tsohuwar lambarsa kuwa har yau ba ta huta ba. Ranar da suke sauke katifu daga mota wani ya kira yana tambayarsa ko har yanzu yana neman mai ɗaki uku.